«Amsa laifi» a gaɓa biyu na Komadugu

Tsakanin Bosso da Malam Fatori, Komadugu ta raba tsarin shari'a biyu. A Nijar, dokar 14 ga Agusta 1961, gadon Faransa, ta ɗauki iƙirari hujja ɗaya cikin hujjoji, alƙali ke auna shi. A Nijeriya, gadon Ingila, ana tambayar wanda ake tuhuma: ka amsa ko ka musanta? Amsawa kan rufe shari'a, kamar a Kainji a 2017, wajen waɗanda aka zarga da Boko Haram. Hanya ta uku ta Amurka, karɓar hukunci ba tare da iƙirari ba, ba ta iso ba. Muna lura cewa «amsa» na nufin maida jawabi, tana kuma nufin yarda: kuskuren tafinta kan iya ɗaure mutum.