Dayoksin da Dangoginsa a Nonon Uwa: Hanyoyin Shigarsu Jiki a Dutsin-Ma da Kurfi

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda dayoksin da dangoginsa ke kaiwa ga nonon uwa, ta kuma auna hakan da yanayin rayuwa a ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi na Jihar Katsina. Matsayarta ita ce a juji da gona ake tare wannan guba. Yaye yaro da wuri ba magani ba ne.

Gabatarwa

Dayoksin yana samuwa ne idan abu mai sinadarin kulorin, kamar robar PVC, ya kama wuta amma bai ƙone ƙurmus ba. Hayaƙi da toka su sauka a ƙasa da ciyawa, dabba ta ci, gubar ta maƙale a kitsenta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na dayoksin da ke shiga jikin mutum ta abinci yake bi, musamman nama da madara da kifi. Kafin rabinsa ya bar jiki sai an yi shekara 7 zuwa 11. Da yake nono maiƙo gare shi, abin da mace ta tara tun ƙuruciya ta nan yake fita, ɗan fari kuwa shi ke samun kaso mafi tsoka. A 1997 aka sanya TCDD, mafi muni a dangin dayoksin, a jerin masu haddasa kansa.

Hanyoyin Shiga

Babbar ƙofa ita ce bola. A garuruwanmu leda da roba da tsummokara wuri ɗaya ake tara su a cinna wuta, sannan kaji da awaki su wuni suna tono a tokar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: a 2019 an gano dayoksin mai yawan gaske a ƙwan kajin da ke kiwo a Agbogbloshie ta birnin Akkara, inda a lokacin ake ƙona tarkacen kayan lantarki. Ga kuma babbakar fata da ƙafafu da tayar mota, wadda ta yaɗu a mayankun Nijeriya. Man shanu da kindirmo, abincin yau da gobe a yankin, su ma suna ɗaukar duk abin da saniya ta kwasa.

Hanya ta biyu, ta dangogin dayoksin, maganin ƙwari ce. Noman rani da kamun kifi a Madatsar Zobe, kan kogin Karaɗuwa, sun sa ya dace a duba ragowar lindan, wato Gamalin 20, da DDT a kifi da laka, domin sukan daɗe a ƙasa bayan an daina fesa su. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda Nijeriya ta rattaba wa hannu, ta ƙara lindan a jerin sinadaran da ta hana amfani da su a 2009.

Tsarin Gwaji

Tun 1987 Hukumar Lafiya ke auna nonon iyaye a ƙasashe. Ƙa'idarta ita ce a zaɓi masu haihuwar fari, a karɓi nono tsakanin mako 3 zuwa 8 bayan haihuwa, a haɗa na mata 50 wuri ɗaya a gwada. A nan lokacin ya zo daidai da wankan jego a gidan iyaye, don haka sai da yardar miji da iyaye da taimakon ungozoma.

Shawara

Amfanin shayarwa ya rinjayi wannan haɗari nesa ba kusa ba, shi ya sa Hukumar ta tsaya kan nono zalla na wata 6. Muna kira ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ta jagoranci wannan gwaji, ƙananan hukumomin biyu kuma su hana ƙona shara kusa da gidaje da wuraren kiwo.