Agana, Lamba da Yardar Mutane

'Yan'uwa, tsofaffinmu sun san agana. Da rani ta kan shiga gari ta kashe mutane da yawa, ta bar waɗansu da zanzana, waɗansu kuwa makafi. Maganinta ya samu tun 1796 a Ingila ta hannun likita Edward Jenner, shi ne muke kira lamba. Amma samun magani dabam ne, yardar mutane da shi dabam. A zamanin Turawa mai lamba ya kan zo gari da dogarai, mata su ɓoye 'ya'yansu cikin rumbu ko gona. Sau da yawa kuma zafin rana ya kan lalatar da maganin a hanya, a yi wa yaro lamba ba ta kama ba, daga baya agana ta kama shi. Mutanen da suka ƙi, suna da dalilinsu.

A Disamba 1966 agana ta ɓulla a lardin Ogoja, a gabashin Nijeriya, inda likitan mishan William Foege ya ke aiki. Maganin da ke hannu bai isa kowa ba. Sai aka yi magana da ma'aikatan mishan ta wayar iska, su kuwa suka aiki manzanni ƙauye ƙauye a nemo inda masu ciwo su ke. Aka yi wa iyalinsu da maƙwabtansu lamba, da kasuwannin da su ke ci, cutar ta tsaya. Abin da ya sa wannan dabara ta ci, mutane sun faɗa wa waɗanda suka sani inda marasa lafiya ke kwance.

Kada mu ce ƙin lamba halin waɗansu ne can. A 1967, a garin Abakaliki, mutum 32 suka kamu da agana, 30 daga cikinsu 'yan ikkilisiya ɗaya ne da ta hana mutanenta lamba da shan magani. A shekaran nan ne aka fara babban aikin lamba a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijar da Nijeriya da Cadi da Kamaru. Zuwa 1970 agana ta ƙare a yankin.

Mutum na ƙarshe da ya ɗauki agana a gari shi ne Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a asibitin Merka a Somaliya, a 1977. Ma'aikacin asibiti ne, amma tsoron zafin allura ya sa ya kauce wa lamba. Ya warke, ya zama mai yawon ba yara maganin shan inna, ya na ba iyaye labarin kansa, har ya rasu a bakin aikin a 2013.

Shan inna ta sake koya mana darasin. A 2003 aka dakatar da rigakafinta a Kano, gama jita-jita ta bazu cewa maganin ya na hana haihuwa. Mutane kuma ba su manta da gwajin wani maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, inda waɗansu suka mutu. Cutar ta ƙetare zuwa Nijar da ƙasashe masu nisa. Sai da aka gwada maganin, aka kawo shi daga Indonisiya, sarakuna da malamai suka sa baki, sa'an nan aiki ya koma a 2004. A 2020 aka shaida cewa asalin ƙwayar shan inna ta ƙare a Afirka.

Ku da ke aiki a asibiti da ɗakin magani, ga abin da tarihin nan ya bar mana. In uwa ta ƙi allura, mu tambaye ta abin da ta ji da wanda ya faɗa mata, mu saurara har ta gama. Mu faɗi gaskiya tun da wuri: yaro zai yi kuka, wataƙila jikinsa ya yi zafi kwana ɗaya ko biyu. Kada mu kunyata ta a gaban mutane. Mu nemi maigida da kaka, da mai gari, da limami ko fasto, gama a gidajenmu ba uwa kaɗai ke yanke magana ba. Mu fara kawo namu 'ya'yan a yi musu a idon jama'a. In ta tafi yau ba ta yarda ba, mu sallame ta da fara'a, domin ta iya komowa gobe.