Tarihin Zakarun Gasar Firimiya ta Najeriya

Gasar Firimiya ta Najeriya ita ce babbar gasar ƙwallon ƙafa ta ƙungiyoyin cikin gida, wadda galibi ake ci ta hanyar tara maki daga farkon kaka zuwa ƙarshenta. An fara ta a 1972 da ƙungiyoyi shida, aka mayar da ita ta ƙwararru masu albashi a 1990, yau kuma ƙungiyoyi ashirin ne ke fafatawa a cikinta. Wanda ya bi jerin zakarunta a tsanake zai ga tarihin masu ɗaukar nauyin ƙwallo a ƙasar: da farko attajirai da kamfanoni, daga baya gwamnatocin jihohi.

Shekarun farko

Arewa ce ta buɗe fage. Mighty Jets ta Jos, ƙungiyar Alhaji Isyaku Ibrahim, ita ta lashe kofin farko a 1972, Bendel Insurance ta Benin ta karɓa a 1973. Daga nan sai Rangers ta Enugu ta mamaye. An kafa ta ne a 1970, da ƙarewar yaƙin basasa, kuma mutanen Gabas sun riƙe ta a matsayin abin share hawaye. Ta ci a 1974, 1975, 1977, 1981, 1982 da 1984. Babbar kishiyarta ita ce Shooting Stars ta Ibadan, wadda ta ci a 1976, 1980 da 1983. Su biyun ne suka fara kawo wa Najeriya kofin Afirka na ƙungiyoyi, Shooting Stars a 1976, Rangers a shekarar da ta biyo.

A tsakiyar wannan gumurzu ne Raccah Rovers ta Kano ta kutsa ta ɗauke kofin 1978. Wannan shi ne karo na farko da kambun ya shigo ƙasar Hausa, kuma sai da Kanawa suka yi shekara talatin cur suna jira kafin su sake ganinsa.

Zamanin kamfanoni

Sunayen zakarun da suka biyo baya sun isa bayani. New Nigeria Bank, zakaran 1985, ta banki ce. Leventis United, ta 1986, ta kamfanin ciniki ce. Julius Berger, mai kofin 1991 da na 2000, ta kamfanin gine-gine ce. BCC Lions ta Gboko, 1994, da Eagle Cement ta Fatakwal, 1997, duk na kamfanonin siminti ne. Iwuanyanwu Nationale ta Owerri, mallakar attajiri Emmanuel Iwuanyanwu, ta ci sau huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990, ta ƙara a 1993. A 1994 jirgin da ya ɗauko ta daga wasa a Tunisiya ya faɗi a Tamanrasset ta Aljeriya, 'yan wasa biyu suka rasu.

Raunin wannan tsari shi ne ƙungiya tana raye ne muddin mai gidanta yana da sha'awa da kuɗi. Ba a daɗe da cin kofinta ba aka rushe Leventis United. Iwuanyanwu ta koma hannun gwamnatin Imo a 2006 da sunan Heartland, Eagle Cement ta zama Dolphins a ƙarƙashin gwamnatin Ribas. Da kamfanoni suka janye, gwamnoni suka gaje filin.

Enyimba ta Aba ce ta fi kowa cin moriyar sabon yanayin. Da tallafin Gwamna Orji Uzor Kalu ta ci a 2001, 2002 da 2003, ta kuma ɗauki Kofin Zakarun Afirka sau biyu a jere, 2003 da 2004, abin da babu wata ƙungiyar Najeriya da ta taɓa yi kafinta ko bayanta. Zuwa 2025 kofunanta na gida tara ne, na baya-bayan nan a 2023 a hannun Finidi George. A lokacin Rangers na biye da takwas.

Masu Gida

An kafa Kano Pillars, wadda ake wa laƙabi da Masu Gida, a 1990 ta hanyar haɗe wasu ƙungiyoyin Kano uku. Ta ɗauki kofinta na farko a 2008 ƙarƙashin Kadiri Ikhana, kocin da ya ci wa Enyimba kofin Afirka na farko. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga Kofin Zakarun Afirka bayan canjaras 2-2 a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta tare ta. A kaka ta gaba wani matashi mai suna Ahmed Musa ya zura mata ƙwallo 18, ya fi kowa a gasar, daga nan Turai ta ɗauke shi.

Sannan aka shiga shekarun da duk mai son ƙwallo a Arewa yake tunawa: 2012, 2013, 2014. Baba Ganaru ya jagoranci biyu na farko, Okey Emordi ya cika na uku. Rabi'u Ali, wanda magoya baya ke kira Pele, yana tsakiyar fili, Gambo Muhammad yana gaba. Sirrin yana filin Sani Abacha na Ƙofar Mata. Tun kafin la'asar filin ya cika maƙil da masu riga ruwan ɗorawa, ganguna na tashi, ana "Sai Masu Gida!", baƙo kuwa tun daga bakin ƙofa gwiwarsa ke fara sanyi. Daga 2003 har zuwa Agustan 2015, lokacin da Nasarawa United ta doke ta 2-1, babu ƙungiyar da ta ci Pillars a gida a wasan gasar. Sai dai gaskiya ɗaya ce: ƙarfin gida a wannan gasa bai taɓa zama na ƙafa kaɗai ba. An daɗe ana kuka da alƙalan wasa da tsoratar da baƙi a filaye da dama, kuma hakan ya rage wa gasar kwarjini.

Katsina da jiranta

A Arewa maso Yamma, ƙungiyoyin Kano ne kaɗai suka taɓa zama zakaru. Katsina United, wadda aka kafa a 1994, ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale sau uku a jere, 1995, 1996 da 1997, ta sha kashi a hannun Shooting Stars da Julius Berger da BCC Lions. Wannan ne karon da jihar ta fi kusantar ɗaukar babban kofi. Ƙungiyar ta yi shekaru a ƙasa, ta dawo babbar gasa a 2017 tana wasa a filin Muhammadu Dikko, ta faɗi tare da Pillars a 2022, suka sake hawowa tare a 2023.

A Batsari da Safana na jihar Katsina, a bakin dajin Rugu, son ƙwallo bai gaza na birni ba. Da yamma yara na buga ta a filin firamare, wasu ba takalmi. A ƙofar gidan kallo ana rubuta wasannin ranar da alli a jikin allo, janareta na ruri, benci ya cika. Amma sunayen da ke allon Barcelona ne da Real Madrid da Chelsea. Yaron da zai lissafo maka 'yan wasan Arsenal kaf da wuya ya faɗi wanda ya ci kofin ƙasarsa bara. Ba laifinsa ba ne. Wasannin gida sun yi shekaru ba sa samun talabijin yadda ya kamata, ga shi ta'addancin 'yan bindiga ya sa tafiya Katsina kallon wasa a dawo da dare ta zama kasada. Abin takaicin shi ne irin waɗannan garuruwa ne ya kamata su riƙa ciyar da ƙungiyar jiha da 'yan wasa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Shekarun baya-bayan nan

Tun bayan Pillars kofin bai zauna wuri ɗaya ba. Rangers ta kawo ƙarshen jiran shekara 32 a 2016, Plateau United ta mayar da shi Jos a 2017. An katse kakar 2018 Lobi Stars na kan gaba, annobar korona kuma ta tsayar da ta 2020 ba zakara. Akwa United ta ci a 2021, Rivers United a 2022, Rangers ta sake a 2024. A 2025 Remo Stars ta Ikenne a jihar Ogun, mallakar ɗan kasuwa Kunle Soname, ta ɗauki kofinta na farko. Garinta ƙarami ne, ba ta gwamnati ba ce, kuma ta gina filinta da makarantar horar da yaranta kafin ta nemi kofi. Zuwa ƙarshen kakar 2025, rabon ƙasar Hausa da kambun tun 2014.