Zangon Agege: Garin da Goro da Jirgin Ƙasa Suka Kafa

Baƙin da ke sauka gidana a Ogba, daga Kano ko Sakkwato, abin da suke fara tambaya shi ne yaushe za a kai su bakin teku. Ni kuwa Agege nake fara kai su. Daga Ogba titin Oba Ogunji ne zai sada ka da Pen Cinema, daga nan kuma sai ka faɗa wani tsohon gari na Hausawa, wanda Legas ta bunƙasa ta kewaye shi amma bai rasa kamanninsa ba. A nan kakana ya yi sana'ar goro har ƙarfinsa ya ƙare, don haka ina da bakin faɗa wa baƙo inda ya kamata ya tsaya.

Ka fara da tashar jirgin ƙasa, domin ita ce uwar garin. Ƙasar ta Yarabawan Awori ce tun asali, gonaki da ƙauyuka. Layin dogon da Turawa suka shimfiɗa daga Legas ya ratsa ta nan, ya isa Badun a 1901, aka haɗe shi da Kano a 1912. Yau akwai sabuwar tasha mai sunan Babatunde Raji Fashola, a kan layin Legas zuwa Badun da aka buɗe a 2021, ga kuma jirgin cikin gari da ya fara jigila tsakanin Agbado da Oyingbo a 2024. Ka tsaya ka kalle su, amma ka tuna cewa jirgin gawayi ne ya kawo kakanninmu, kuma goro ne ya kira su.

Kafin zuwan jirgi, goron da ake ci a ƙasar Hausa daga Gwanja ake ɗauko shi, a arewacin Gana ta yau. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ɗaura wa jakuna kaya, madugu a gaba, su yi watanni a hanya kafin su isa kasuwar Salaga. Yaƙin basasar da aka yi a Salaga a 1892 ya karya wannan kasuwa. Sai fatake irin su Alhassan Ɗantata suka koma sayo goro a ƙasar Gana ta yau suna loda shi a jirgin ruwa zuwa Legas, daga nan a wuce da shi Arewa. Yarabawa na da nasu goron, wanda muke kira hannunruwa, amma bakin Bahaushe bai saba da shi ba. Da manoman wannan yanki suka ga irin kuɗin da ke wucewa ta gabansu, sai suka shiga dasa irin na Gwanja. Manyansu, irin su Jacob Kehinde Coker mai gonaki a Ifako, sun kafa ƙungiyar manoman Agege a 1907, suna noman koko da goro. Gona ta zo kusa da tasha, mai saye kuma ya zo ya kafa zango. Wanda ya zo da niyyar kaka ɗaya ya yi aure, ya gina gida, ya zama maigidan da fatake ke sauka wurinsa.

Saboda haka zangonka na biyu shi ne rumfunan 'yan goro. Gonakin dai sun zama gidaje, kasuwar ma ta fi ƙarfi yanzu a Shagamu, amma sana'ar ba ta mutu a Agege ba. Ka yi sallama, ka roƙi a buɗe maka huhu. Za ka ga mai goro ya kwance igiya, ya ɗaga ganyen fita a hankali, sanyi da ƙamshin ɗanyen goro su buso. Yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana juyawa a tafin hannu, fari gefe, ja gefe, marsa daban, minu daban. Wanda sankara ta taɓa sai ya jefa shi waje nan take, don ƙwaya ɗaya tana iya lalata huhu guda. Kakana yakan sake wa gorona ganye a kan kari, ya yayyafa ruwa da yatsu, yana lallaɓa shi kamar jinjiri. Da wannan haƙuri ake samun daushe, goron da ya kwana biyu ya yi daɗi ya kuma yi tsada. Ka sayi ƙwarya guda, wato ƙwaya 100, ka kai wa dattawan gida tsaraba.

Daga nan ka nemi wanda zai raka ka gaisuwa fadar Sarkin Hausawan Agege, Alhaji Musa Muhammadu Dogonkadai. Wannan sarauta ta taso ne daga bukatar fatake: wanda zai raba gardamar bashi, ya tsaya wa baƙo, ya yi magana da Olu, sarkin Agege, da hukuma a madadin jama'a. Ka cire takalmi, ka gaida na zaune, ka saurara. A zaure ɗaya za ka ji an kawo maganar aure, da ta gado, da ta yaron da ya sauka daga mota bai san kowa ba. Za ka kuma ji 'ya'yan Zango suna juya harshe daga Hausa zuwa Yarabanci ba tare da tuntuɓe ba. Da yawansu kakanninsu ma a nan aka haife su.

Kada ka bar garin ba ka shiga Markaz ba, makarantar Larabci da addini da Shehu Adamu Abdullahi al-Iluri ya kafa a Abekuta a 1952, ya dawo da ita Agege bayan 'yan shekaru. Shehin ya rasu a 1992, ya bar littattafai masu yawa da ɗalibai a ko'ina cikin Afirka ta Yamma. Malamin Ilori ne, amma makarantarsa maƙwabciyar Zango ce, kuma a sahun sallar Juma'a a unguwar nan ba ka raba Bahaushe da Bayarabe sai an yi sallama an fara gaisawa.

Idan kana da ƙarfin zuciya, ka yi sammako zuwa mayankar Oko-Oba. Manyan motoci ne ke sauke shanu daga kasuwannin Potiskum da Maigatari da Illela, dillalai na ciniki, mahauta na fiɗa, kafin rana ta take naman ya bazu cikin Legas. Hanyar da goro ya bi ya hau Arewa, ita shanu ke bi su gangaro. Da yamma kuma ka zauna teburin mai shayi, a yanka maka burodin Agege mai laushi da nauyi, a haɗa da wainar ƙwai, ka ji labarin 'yan canji da direbobi.

Abin da ke damuna shi ne yadda tarihin nan ke zubewa muna kallo. Ana rushe tsofaffin gidajen fatake ana gina shaguna, gadar sama ta Pen Cinema da aka buɗe a 2021 ta sauya fuskar wurin, dattawan da suka ga lodin goro a taragon jirgi kuma suna ta ƙarewa. Ina kira ga fadar Sarki, da attajiranmu, da 'ya'yan Zango da suka yi karatu: a zauna da waɗannan dattawa a naɗi muryoyinsu, a tattara tsofaffin hotuna da takardun ciniki, a ware ɗaki ko da guda ne a adana su. Kai kuma mai niyyar zuwa Legas, ka ware wa Agege yini guda cur, ka zo da yaranka su ga inda kakanninsu suka nemi halaliyarsu.