Titi Babu Suna, Gida Babu Lamba: Tsarin Adireshi a Taswirorin Intanet da Kwatance a Gusau, Tsafe da Bungudu

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta yadda ƙasashe ke jera adireshi da yadda manhajojin taswira ke karɓarsa, sannan ta auna hakan da irin kwatancen da ake yi a garuruwa uku na Jihar Zamfara. Ta nuna cewa an tsara guraben manhajojin ne don titi mai suna da gida mai lamba, alhali a nan unguwa da alama ne ke kai baƙo ƙofar gida.

1.0 Gabatarwa

Tun 1874 aka kafa Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya a birnin Bern, amma har yau kowace ƙasa da nata salon rubuta adireshi. A Ingila da Faransa lambar gida ke zuwa kafin sunan titi. Jamus kuwa titi take sawa a gaba, lamba ta biyo baya. Japan ta fi kowa fita daban: ana farawa daga lardi, a gangaro birni, unguwa, rukunin gidaje, sannan gini, domin yawancin titunanta ba su da suna. Najeriya ta gaji tsarin Ingila, tana kuma da lambar gidan waya mai alƙaluma shida, kamar 700001 a Kano.

2.0 Yadda manhaja ke karanta adireshi

OpenStreetMap, taswirar da 'yan sa-kai ke ginawa tun 2004, tana yanka adireshi gida-gida: lamba, titi, gari, lambar gidan waya. Manhajarta ta gyaran taswira kan sauya jerin guraben gwargwadon ƙasar da ake aiki a kanta, har an ware wa Japan guraben rukunin gidaje. Idan mai nema ya rubuta adireshi, sai manhaja ta raba kalmominsa cikin waɗannan gurabe, ta dasa alama a inda suka dace. Abin da bai shiga gurbi ba, sai dai ta yi hasashe.

3.0 Kwatance a Zamfara

A Gusau, wanda zai hau babur ba ya ba ɗan kabu-kabu lambar gida. Cewa yake: "Tudun Wada za ka kai ni, bayan masallacin Juma'a, layi na biyu, gida mai jan ƙyaure." In an ɓata, a tsaya wurin mai shayi a ambaci sunan maigidan. Wannan kwatance cikakke ne ga ɗan gari, amma ban da sunan unguwar, babu abin da ke da gurbi a manhaja.

Sunan unguwar ma da sauran rina a kaba. Akwai Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru a Gusau, akwai su a Zariya, don haka wanda bai haɗa da sunan gari ba yana iya ganin alamarsa ta faɗa Jihar Kaduna.

A Tsafe matsalar ta rubutu ce: tsofaffin taswirorin Turawa Chafe suka rubuta. Haka Kwatarkwashi, wadda takardu da yawa ke kira Kotorkoshi. Ita wannan tana da ƙarin sarƙaƙiya. Garin Bungudu yana kan hanyar Sakkwato, Kwatarkwashi kuwa tana kan hanyar Tsafe, amma ƙaramar hukumarsu ɗaya. Adireshin da ya ƙare da "Bungudu" kan iya tura mai kai saƙo ɗaya ɓangaren Gusau. Ga kuma tsofaffin takardu masu cewa Jihar Sakkwato, tun da sai 1996 aka ƙirƙiro Zamfara.

4.0 Dabarun zagaye titi

Wasu sun yanke shawarar barin titi gaba ɗaya. What3words ta raba doron ƙasa zuwa murabba'ai masu mita 3, kowanne da kalmomi uku, kuma hukumar gidan waya ta Najeriya, NIPOST, ta rungumi tsarin a 2017. A shekarar ce Gana ta ƙaddamar da GhanaPostGPS. Google na da nata, Plus Codes. Duk suna nuna wuri daidai, sai dai suna buƙatar babbar waya, kuma ba su shiga bakin jama'a ba.

5.0 Kammalawa

Maƙalar na ganin aikin farko shi ne shigar da iyakokin unguwanni, masallatai, makarantu da tashoshin mota cikin taswira, kowanne da rubutunsa na da da na yanzu. Masu unguwanni da dagatai sun san waɗannan iyakoki, ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau kuma na iya ɗora su a OpenStreetMap, kafin ƙananan hukumomin uku su kammala sanya wa tituna suna da gidaje lamba.