Nibakin: Tarihin ƙwayar nan mai ɗaci da ta raine mu

Shirinmu na tarihin kiwon lafiya na wannan wata ya tsaya ne a kan ƙwaya guda ɗaya, fara, 'yar ƙarama, wadda in dai ka haura shekara talatin da biyar, da wuya a ce harshenka bai san ɗacinta ba. A Maraɗi da Damagaram da Garwa da Njamena, sunan da ke jikin kwalinta Nivaquine ne, bakin jama'a ya mai da shi Nibakin. Kana tsallakawa Katsina ko Kano ko zangon Kumasi, sai ka ji ana cewa kulorokwin. Duk magani ɗaya ne. Ta fi shekara arba'in tana zaune a ɗakunan iyayenmu, cikin gwangwanin madara ko ƙullin gefen zane, kusa da kanwa da man zafi. Yau kuwa likita ba ya rubuta ta don zazzaɓin cizon sauro. Masu sauraro da yawa sun tambaye mu dalili, wasu har da ɗan fushi, suna cewa ai ita ta raine su. To, amsar tana cikin tarihinta, bari mu ɗauko shi daga tushe.

Tun kafin a san wata ƙwaya, kakanninmu sun san masassara, sun kuma san lokacinta: daga marka zuwa kaka. Wasu su ce sabon amfanin gona ne ke kawo ta, wasu su ce dukan ruwan sama ne ko zafin ranar ƙarshen damina. Maganinta yana bayan gida ko bakin kasuwa: jiƙon sassaƙen maɗaci, tazargade, sirace a lulluɓe da bargo har gumi ya karyo. Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina ko bedi, daga baya ya shigo sahu, don shi baƙo ne daga Indiya, a zamanin Turawa aka kawo shi, an kuma fara dasa shi a Borno a 1928. Ka lura da abin da ya haɗa waɗannan magunguna: ɗaci. Mun taso da cewa maganin zazzaɓi in bai yi ɗaci ba, to bai kai magani ba. Shi ya sa da ƙwayar Bature ta zo da ɗacin da ya fi na maɗaci, ba a sha wahalar tallarta ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kakan ita wannan ƙwaya ma sassaƙe ne. A tsaunukan ƙasar Peru da maƙwabtanta, can Kudancin Amurka, akwai wata bishiya da ake kira sinkona. A wajajen 1630 limaman Kirista suka fara kai garin ɓawonta Turai, ana jiƙawa ana sha, kamar dai yadda ake yi da maɗaci a nan. An yi kusan shekara ɗari biyu a haka, wani ɓawon ya yi aiki, wani bai yi ba, don ba mai iya sanin ƙarfin abin da ya jiƙa. Sai a 1820 wasu masana haɗa magani biyu a birnin Faris, Pelletier da Caventou, suka tace sinadarin da ke aikin, wato kwinin. Daga ranar aka iya auna shi a sikeli, a ce ga na babba, ga na yaro.

Kwinin ya taɓa tarihinmu kai tsaye. A 1841 Ingila ta turo jiragen ruwa su hau kogin Kwara, da Turawa kusan 150 a ciki. Cikin 'yan makonni zazzaɓi ya kwantar da mafi yawansu, wajen arba'in suka mutu, sauran suka juya. A 1854 aka sake gwadawa da jirgi mai suna Pleiad, ƙarƙashin wani likita, William Baikie. Shi kuwa ya sa mutanensa shan kwinin kullum, tun kafin ciwo ya kama su. Suka hau Kwara, suka shiga Binuwai, suka yi wajen wata huɗu, suka fito ba wanda ya mutu. Baikie ya dawo daga baya ya zauna Lokoja, ya koyi Hausa, har ya kai Kano a 1862. Amma mu faɗi gaskiya: maganin da ya ceci matuƙan jirgi shi ne ya share wa 'yan kasuwa da sojan mulkin mallaka hanya. Sauron da ya daɗe yana tsare mana gaɓar teku, kwinin ne ya karya lagonsa. Sunan ya shiga bakin jama'a sosai, har yau a Chadi da arewacin Kamaru za ka ji ana kiran kowace irin ƙwaya kinin, ko da ta ciwon kai ce.

Duk wannan fa ana yi ne ba a san abin da ke kawo ciwon ba. Sai a 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya hango ƙwayar cutar cikin jinin wani majinyaci a Aljeriya. A 1897 kuma Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro a Indiya. Ka ga ke nan, sunan nan da muke faɗa yau, zazzaɓin cizon sauro, shi kansa ɗan bayan wannan bincike ne.

To, yaya aka yi daga kwinin aka koma Nibakin? Yaƙi ne ya jawo. Mutanen Holan sun samu irin sinkona mai ƙarfi sun dasa a tsibirin Jawa, cikin Indunusiya ta yau, har ya zamana kusan kashi 90 cikin 100 na kwinin ɗin duniya daga can yake fitowa. A 1942 Japan ta mamaye Jawa, sojojin ƙawance suka wayi gari ba magani. Aka shiga neman wanda za a haɗa a masana'anta ba sai an jira bishiya ba. Ashe tun 1934 wani masani a kamfanin Bayer na Jamus, Hans Andersag, ya riga ya haɗa shi, aka ajiye a gefe bisa zaton gubarsa ta yi yawa. Amurkawa suka sake gwada shi, suka ga ya fi duk abin da ke hannunsu, a 1946 aka raɗa masa suna kulorokwin. Nivaquine kuwa sunan kasuwa ne da wani kamfanin Faransa ya ba shi, shi ya bi hanyar Dakar da Yamai da Duwala ya iso mana.

Dalilin da ya sa ta zama 'yar gida ba boyayye ba ne. Ga arha, ga saurin aiki: kwana uku yaro ya miƙe ya koma wasa. Mai ciki tana iya sha. Ba ta buƙatar firji, ba ta buƙatar allura. Kana samunta a kemis, a wajen mai tebur, a farantin mai talla a tasha. A ƙasashe da dama rainon Faransa an yi zamanin da ake jera 'yan makaranta lokacin damina, mako-mako, kowa ya buɗe baki a jefa masa. A Najeriya akwai takwararta Daraprim, wadda ake sha ranar Lahadi don rigakafi. Aibinta da kowa ya sani shi ne ƙaiƙayi, wanda ya fi damun baƙar fata. Wani zai kwana yana susa kamar ya faɗa cikin ƙaiƙayin gero, har ya sa aka saba haɗa ta da Piriton. Duk da haka, ba ƙaramin rai ta ceta ba. Wanda ya ce ita ta raine shi, bai yi ƙarya ba.

Yadda take aiki kuwa, ga shi a taƙaice. Ƙwayar cutar tana shiga jajayen ƙwayoyin jini tana cin abin da ke ciki. Wannan ci yana bar mata wani saura mai guba, wanda dole ta dunƙule shi ta ajiye gefe, in ba haka ba ya kashe ta. Kulorokwin yana hana ta dunƙulewar, sai dattinta ya halaka ta. Amma cikin biliyoyin ƙwayoyin cuta, aka samu 'yan ƙalilan da halittarsu ta ɗan sauya, suna iya fitar da maganin daga cikinsu kafin ya yi aiki. Duk inda ake shan maganin da yawa, masu rauni su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa, sauro ya kwashe su ya kai gaba.

An fara ganin haka a ƙarshen shekarun 1950, a iyakar Tailan da Kambodiya da kuma Kolombiya. A 1978 ya ɓulla a Kenya da Tanzaniya. A 1985 aka tabbatar da shi a Kamaru, kafin shekarun 1980 su ƙare ya bazu Afirka ta Yamma. Ba a gidajenmu matsalar ta faro ba, amma ɗabi'unmu sun ba ta wurin zama: a sha biyu, jiki ya yi sanyi, a ɓoye sauran don gaba, a daina saboda ƙaiƙayi, a sha don kowane ciwon kai ko kasala.

A nan ne abin tausayin yake. Maganin bai daina aiki dare ɗaya ba, balle a farga. Uwa ta ba yaro Nibakin, zafin jiki ya sauka, ta gode Allah. Bayan mako ɗaya ko biyu zazzaɓi ya dawo, ta sake ba shi. A hankali jini yana ƙarewa, tafin hannu da cikin ido su yi fari, wata rana da dare sai jijjiga da suma. Ita ba ta yi sakaci ba, abin da uwarta ta ba ta shi ta bayar. Wani bincike da Jean-François Trape da abokan aikinsa suka yi a yankuna uku na karkarar Senegal, aka wallafa a 1998, ya nuna cewa bayan zuwan wannan turjiya, mutuwar yara da zazzaɓin cizon sauro ta ninka sau biyu a wani yankin, a wani ma fiye da sau biyar. Malawi ce ta fara janye kulorokwin a Afirka, a 1993. Kamaru ta janye shi a 2002, Najeriya da Nijar da Gana da Chadi suka koma sabon magani a wajajen 2005.

Sabon maganin ma daga tukunyar gargajiya ya fito. A 1967 ƙasar Sin ta kafa wani shiri na sirri don nemo maganin zazzaɓi. Wata masaniya, Tu Youyou, ta bi tsofaffin littattafan magani har ta tarar da bayanin wani malami, Ge Hong, na ƙarni na 4, wanda ya ce a jiƙa wani ganye a matse ruwansa a sha. Ta lura bai ce a dafa ba, ta gane tafasawa ce ke lalata sinadarin. A 1972 aka tace atemisinin, a 2015 ta samu kyautar Nobel. Ganyen dangin tazargade ne, amma ba shi ba ne, kada ka haɗa su. Kuma abin da ya faru da sinkona shi ya faru a nan: sai da aka tace, aka gwada, aka auna, sannan ya zama abin dogaro. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a sha shayin ganyen a madadin ƙwaya ba, don kofi ba ya gaya maka ƙarfin abin da ke cikinsa. Ita ƙwayar ta yanzu, wadda ma'aikatan lafiya ke kira ACT, magani biyu ne a haɗe, don in cutar ta kuɓuce wa ɗaya, ɗayan ya kama ta.

Kulorokwin bai ɓace daga duniya ba. Ana amfani da shi ga wani nau'in zazzaɓin da ya fi yawa a Asiya da Kudancin Amurka, likitoci kuma suna ba da ɗan'uwansa don wasu cututtukan gaɓoɓi da fata. A 2020, da annobar korona ta zo, jita-jita ta sa aka yi ta rububinsa, har aka kwantar da mutane a asibiti a Legas saboda sun sha fiye da kima, daga baya gwaje-gwaje suka nuna ba ya maganin korona. Ka riƙe wannan da kyau: tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke kisa 'yar kaɗan ce, ƙwayoyi ƙalilan sun isa su tsayar da zuciyar ƙaramin yaro. In akwai ragowarsa a gwangwanin ɗakinku, a fitar da shi.

Saura abu ɗaya, mai karatu. An riga an ga alamun cutar ta fara yi wa atemisinin taurin kai a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. Hanyar da ta bi ta iso mana a wancan karo, daga gabas ta taso. Abin da ke hannunka shi ne wanda iyayenmu ba a gaya musu ba. In zazzaɓi ya kama wani a gidanka, a je a ɗiga jini a gwada tukuna, minti goma sha biyar zuwa ashirin ne, don ba kowane zafin jiki ne na sauro ba. In an ba da magani, a shanye na kwana ukun nan duka, ko da yaro ya tashi yana guje-guje tun rana ta biyu, kada a rage wa ƙaninsa. In masu rabon maganin rigakafin damina na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun ƙwanƙwasa ƙofa, a karɓa, a kuma cika na kwana biyun da suke bari a hannun uwa. Sirace da jiƙo suna iya sa jiki ya ɗan saki, amma yaron da ke amai ba tsayawa, ko jijjiga, ko ya kasa shan nono, asibiti za a nufa da shi a daren, ba sai gari ya waye ba.

Nibakin ta yi mana aiki shekara da shekaru, kuma ɗacinta yana nan yadda yake har ranar da ta daina warkarwa. Wanda ke hannunmu yanzu, yadda muka sha shi ne zai nuna ko zai kai ga jikokinmu.