Karaye: Ƙasar Bakin Iyaka da Sarautarta

Mutumin Kutama da bai taɓa barin gonarsa ba ya sauya sarki sau biyu cikin shekara biyar. A 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu a Jihar Kano, sai Gwarzo da Kabo suka faɗa ƙarƙashin Sarkin Karaye Ibrahim Abubakar II. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe su. Da aka maido da Karaye a watan Yuli a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, ƙananan hukumomin Karaye da Rogo kaɗai aka bar mata.

Wannan ja-in-ja ya girmi gwamnonin biyu. Tarihin Kano ya ambaci Karaye tun zamanin Sarki Yusa, wanda ake sa mulkinsa tsakanin 1136 da 1194: ya kai mata yaƙi, ya yi sansani a Badari wata biyar kafin mutanenta su miƙa wuya. Garin da aka yi wa zaman wata biyar ba ƙauye ba ne. Dalilin yana ga shimfiɗar ƙasar. Karaye na yammacin Kano, Katsina na bayanta, Zazzau na kudu da ita, ga kogin Challawa yana ratsa ƙasar noma mai albarka. Duk sarkin Kano da ke fargabar Katsinawa sai ya riƙe wannan ƙofa.

Turai ma ta ga irin wannan. Savoy, wadda ta zama ƙasar duke a 1416, ta zauna a kan mashigan duwatsun Alps tsakanin Faransa da Italiya, kuma daga tsaron mashigan ta sami daraja. A 1860 gidan sarautarta da kansa ya miƙa ta ga Faransa, don ya sami goyon baya a neman gadon mulkin Italiya. Sai dai can an kira jama'a sun kaɗa ƙuri'a, ko da ta jeka-na-yi-ka ce. A nan majalisar dokokin jiha ce ta yanke, sau uku, a birnin Kano.

Kogin kuwa an datse shi tun 1992. Ruwan madatsar Challawa yana gangarawa gabas, ya bi ta gefen birnin Kano, ya nufi Haɗeja.